Wuƙa ga Saniya, Juji ga Jaki

A tsaunukan Andis na Kudancin Amurka akwai wata 'yar dabba da ake kira cincila. Girmanta bai kai na zomo ba, kamanninta tsakanin kurege da gafiya, gashinta kuwa yana cikin mafiya laushi da cunkoso a dabbobin tudu. Saboda gashin nan aka yi ta farautarta har ta kusa ƙarewa a daji a farkon ƙarni na 20, yau kuma mafi yawan waɗanda ake gani a keji suke, a gidajen Amurka da Turai. Tana iya kai shekara 15 a hannun mai kula da ita. Haƙoranta ba sa daina tsiro. Idan suka karkace, saiwarsu kan tura cikin muƙamuƙi har ta kusanci ido, dabbar ta kasa tauna, ta riƙa dalalar da miyau tana ramewa. In abin ya wuce gyara, likitan dabbobi kan ba da shawarar a yi mata allurar da za ta sa ta barcin da babu farkawa. Mai ita ya sa hannu a takarda, ya koma gida ya yi kwana da kwanaki yana kuka.

Duk lokacin da irin wannan labari ya faɗo cikin hirar 'yan boko a Kano ko Kaduna ko Abuja, amsa biyu ake ji. Ta farko dariya ce: ƙoshi ne ya yi wa Bature yawa, shi ya sa yake makokin ɓera. Ta biyu fatawa ce da ake yankewa daga kan kujera: rai na Allah ne, wa ya ba likita izinin ɗauka? Masu dariyar suna da ɗan abin kamawa a wuri ɗaya. Wanda ya ɗauko dabbar kan tsauni, wadda zafin da ya haura digiri 27 kan iya halaka ta, ya kawo ta Kano inda watan Afrilu ke haura digiri 40, don kawai ya nuna wa baƙi, ya cancanci tsawa tun kafin a kai ga dariya. Haka masu shigo da karnukan ƙasar ƙanƙara suna ɗaure su a gareji. Amma daga nan hujjarsu ta ƙare. Tambayar da Baturen nan ya fuskanta, wato me ake yi da dabbar da ciwo ya ci ƙarfinta kuma ba ta da sauran tashi, ta fi damun ƙasar Hausa nesa ba kusa ba, domin a nan dabba abokiyar neman abinci ce. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani.

Gwangwan na ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Rogo, a kusurwar Kano da ke haɗa iyaka da Kaduna da Katsina. Ƙasa ce ta masara da dawa da rake. Shanun huɗa ne ke buɗe damina, su kuma ke jan amalanke da kaka. Jaki ke kai taki gona cikin mangala, ya ɗebo ƙasar gini, ya kwaso kara da itace. A yankin raken nan da ya taso daga Makarfi da Kudan ya shigo Rogo, dawakai sun daɗe suna zagaye injin matse rake don a dafa mazarƙwaila, tun kafin injin mai shan mai ya karɓe musu aikin a wurare da yawa. Dabbobin nan duka sukan tsufa, sukan karye, sukan kamu da ciwo. Abin lura shi ne yadda ƙarshensu yake bambanta, a Gwangwan da sauran garuruwan karkara irinta.

Idan sa ko saniya ta kwanta, aka yi ta ɗagawa ta ƙi tashi, kalmar da ake ji ita ce a kawo wuƙa. Ana aika yaro da gudu ya kira mahauci, ko da tsakar dare ne. Ba wanda ke cewa a bar ta, rai na Allah ne. Kowa ya san in ta cika da kanta ta zama mushe, dukiya ta tafi a banza. To amma idan jaki ne ya kwanta? Sai a cire masa akumari, a lallaɓa shi zuwa bayan gari ko bakin juji, a juya baya. Wanda ya taɓa ratsa ƙauye da bazara ya san abin da ke biyo baya: gyambon baya da ƙuda suka yi wa ƙwai har ya yi tsutsa, idon da ya dushe, ƙafafun da suka haƙe ƙasa saboda yunƙurin tashi, karnuka kuma na zagaye suna jira, wani lokaci ma ba sa jira. Haka zai kwana uku ko huɗu a rana ba ruwa. Dokin da ya karye a ƙafa, ko wanda hanjinsa ya murɗe, shi ma yakan gamu da irin wannan, sai dai shi akan bar shi a turke.

Ciwon ɗaya ne, ran ɗaya ne, Mahaliccin ɗaya ne. Abin da ya raba saniyar da jakin nama ne: ita ana ci, shi ba a ci. Saboda haka maganar cewa tsoron Allah ne ke hana a hutar da jaki ba ta da tushe. Tsoron Allah da ke farkawa a inda babu riba, ya yi barci a inda akwai tsoka, yana bukatar wani suna dabam. An ci moriyar ganga ne an ya da kwaurenta, sannan aka lulluɓe abin da mayafin tawakkali.

Abin takaicin shi ne amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan garuruwan nan. Almajirin da ya tashi daga Ahalari da Ishmawi, ya bi ta Iziyya da Risala da Askari, a kan Muhtasar na Shaihu Halil yake sauka, littafin da aka rubuta a Masar a ƙarni na 14 kuma ya zama madogarar alƙalai da muftai na mazhabar Malikiyya a Afirka ta Yamma. A babin yanka, Halil ya lissafa abubuwan da suka halatta, a cikinsu har da yanka dabbar da ba a ci idan an ɗebe tsammani da ita. Masu sharhi, irin su Shaihu Dardir wanda ya rasu a 1786, sun kawo misali da jaki da alfadari, suka kuma bayyana dalilin: a hutar da dabbar daga wahala. Wasu ma sun ɗaga hukuncin daga halas zuwa abin so. Asalin maganar daga Ibnul Ƙasim take, babban almajirin Imamu Malik. Gaskiya ne akwai saɓani. An ruwaito Ibnu Wahbin bai yarda ba, Shafi'iyya ma sun hana, Hanafiyya kuma sun halatta. Amma mutanen Rogo da Ƙaraye Malikawa ne, kuma abin da mashahurin littafin mazhabarsu ya tafi a kai a fili yake. Wanda ya ce haramun ne kai tsaye, ba tare da ya san akwai wannan babi ba, ra'ayinsa yake faɗa ya jingina wa shari'a.

Shi dai littafin, a babin ciyarwa, ya wajabta wa mai dabba ya ciyar da ita idan babu makiyaya, ya kuma ce in ya ƙi, ko ya riƙa ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta, a sayar da ita daga hannunsa. Ke nan jefar da jaki a juji ba fita daga alhaki ba ne, domin mallakarsa ba ta faɗi ba don an cire akumari. Kowane ɗan Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Jakin da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa kullalle ne, ko da babu igiya a wuyansa. An kuma san hadisin Shaddadu ɗan Ausu, na 17 a Arba'una ta Imamu Nawawi, wanda ya yi umarni da kyautatawa har a wajen kisa da yanka, a wasa wuƙa, a sauƙaƙa wa abin yankan. Addinin da ya damu da kaifin wuƙa saboda daƙiƙu kaɗan na raɗaɗi, ta yaya za a ce ya fi son kwana huɗu na ƙishirwa da tsutsa?

Akwai wani kuskure da ya fi na fiƙihu zurfi, shi ne zaton cewa jaki ba ya jin ciwo sosai. Haƙurin jaki ya shiga bakin Hausawa har ya zama abin misali, kuma wannan haƙurin ne ya cuce shi. Dabbobin da a daji farautarsu ake yi sukan ɓoye rauni, domin wanda ya nuna gazawa shi zaki ke fara zaɓa. Doki in cikinsa ya murɗa yakan yi birgima, ya yi gumi, ya riƙa harbin ciki, kowa ya san da matsala. Jaki kuwa sai ya tsaya shiru, ya sunkuyar da kai, ya saki kunnuwa, ya riƙa taɓa harawa da baki kamar yana ci alhali ba ya haɗiyewa. Likitocin dabbobi na ɗaukar jakin da ya yi sanyi haka a matsayin mai bukatar agajin gaggawa. In ya yi kwanaki ba ya ci, jikinsa kan kwararo kitse cikin jini har hanta da ƙoda su gaza. Kafin mai shi ya yarda cewa ba taurin kai ba ne, sau da yawa ya sha sanda, lokacin magani kuma ya wuce.

Karayar ƙafar doki ma haka take. Masu ɗori na gargajiya suna da gwaninta a kan ɗan Adam da akuya da tunkiya, amma babban doki wani abu ne dabam. Nauyinsa ɗaruruwan kilo ne a kan siraran ƙafafu huɗu, ba ya iya kwanciya na makonni kamar mutum, kuma in ya jingina nauyin a kan ƙafafun da suka rage, cikin kofatonsu kan kumbura ya lalace. A 2006 wani dokin sukuwa mai suna Barbaro ya ci babbar gasar Kentaki a Amurka, bayan mako biyu ya karye a ƙafar baya a wata gasar. Aka kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Fensilbaniya, aka yi masa tiyata da ƙarafa da kusoshi, aka kashe kuɗin da ba a lissafi. Wata takwas ana fama, ciwon kofato ya kama sauran ƙafafun, a watan Janairun 2007 dole aka hutar da shi. In wannan ne ƙarshen dokin attajirai a hannun ƙwararru, wane fata ake yi wa dokin injin rake da aka ɗaure wa karan dawa da tsumma? Barinsa a turke wata guda yana rangaji a kan ƙafa uku jinkirta abin da ba makawa ne kawai, shi kuma ke biyan kuɗin jinkirin da jikinsa.

A 'yan shekarun nan jakin da ya gaza ya sami mai saye, kuma wannan ne ya ƙara tona asirin hujjar. Ƙasar Sin na bukatar fatar jaki don dafa wani maganin gargajiya da ake kira ejiyawo, bukatar da ta tashi farashin jakuna a duk Afirka. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, a watan Fabrairun 2024 kuma shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da haramta yanka jakuna don fatarsu. Duk da haka sunan kasuwar Maigatari a Jigawa da ta Ezzamgbo a jihar Ebonyi ya daɗe yana fitowa a duk rahoton da ya shafi wannan ciniki. Mai sayen fata bai damu ko jakin na da lafiya ba. Saboda haka tsohon jaki, gurgu ko mai gyambo, akan cusa shi a babbar mota tare da 'yan'uwansa, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a tsaye ba ci ba sha, wasu su mutu a hanya a tattake su. Mutumin da ya ce zuciyarsa ba za ta iya ganin an sa wa jakinsa wuƙa ba, shi ne ya karɓi kuɗi ya miƙa igiya, ya san sarai inda motar ta nufa.

Za a ce, kuma ana cewa, ƙasar da mata ke mutuwa wajen haihuwa saboda rashin jini da mota, wa ke da lokacin jaki? Maganar tana da nauyi, amma ba ta sauka a inda aka nufa ba. Ba wanda ya nemi a gina wa jakuna ɗakin tiyata a Gwangwan. Hutar da dabbar da ta ƙare ba ya cin kuɗin da ya kai na mudun masara: wuƙa mai kaifi, mutumin da ya iya, da rami. Bokitin ruwa da inuwa ga wadda ake sa ran tashinta ba su rage wa asibitin mutane ko sisi. Tausayi kuma ba hatsin rumbu ba ne da za a ce in an ɗiba wa jaki na mai jego ya ragu. Yaron da ya tashi yana jifan jaki mai shure-shuren mutuwa, manya na wucewa ba mai tsawatarwa, darasi yake ɗauka game da abin da ake yi wa wanda amfaninsa ya ƙare.

Tsoro na biyu ya fi wannan ma'ana: kada a buɗe ƙofar da Holan ta buɗe a 2002 da Kanada a 2016, inda doka ta yarda likita ya kawo ƙarshen ran majiyyaci. Malaman Musulunci sun haɗu a kan haramcin wannan, kuma babu abin da ke cikin maganar jaki da ya taɓa shi. Shari'ar da ta tsare jinin ɗan Adam ita ce ta halatta yanka rago ranar suna. Mutum yana da hankalin da zai fahimci ciwonsa, ya yi haƙuri da niyya, ya yi wasiyya, ya nemi gafara. Dabba ba ta san dalilin azabarta ba, ba ta kuma jiran kankarar zunubi. Fuƙaha'un da suka rubuta babin yanka sun san bambancin nan sarai, shi ya sa suka halatta ɗaya ba tare da sun kusanci ɗayan ba. Iyakar da ya kamata a tsare ita ce sharaɗin da suka sa, wato ɗebe tsammani. Tsufa kaɗai ba dalili ba ne, tsadar dusa ba dalili ba ce, gajiyar mai dabba ma haka. A wannan gaɓa Turawan da ake yi wa dariya suna da nasu abin kunya, domin gidajen tara dabbobi a can sun sha kashe lafiyayyun karnuka da kyanwoyi don kawai babu mai ɗauka.

Wa zai tabbatar an ɗebe tsammanin? A nan laifin ya tashi daga kan manomi ya hau kan 'yan boko da hukuma. Arewa ba baƙuwar ilimin dabbobi ba ce. Cibiyar bincike ta Vom tana nan tun 1924. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta haura shekara hamsin tana yaye likitoci, kuma Zariya ta fi kusa da Rogo fiye da birnin Kano. Dokar Penal Code da ta fara aiki a 1960 ta sa zaluntar dabba da ɗora mata kaya fiye da kima cikin laifuffuka. A 2024 ma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata sukutum ta bunƙasa kiwo. Amma duk wannan gini a kan lissafin nama da nono da rigakafin garke ya tsaya. Dabbar da ba ta shiga tukunya ba ta shiga kasafi. Abin da manomi ke samu a zahiri shi ne mai tallan magani a kasuwar mako, wanda zai sayar masa da allurar da ake kira mai dogon zango ga kowane ciwo, daga karaya har sammore. A yi wa saniya ita yau, a yanka ta jibi, naman ya tafi kasuwa da maganin a cikinsa. Gaggawar kawo wuƙa ga saniyar da ba a san abin da ya kayar da ita ba tana da nata haɗari ga mutane, kamar yadda ɓullar cutar antaras a kusa da Suleja a watan Yulin 2023 ta tunatar.

Kare mai hauka ya fi kowa nuna yadda rashin tsari ke cutar da dabba da mutum a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum 59,000 a shekara, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tsira. Kashe karen da ya tabbata ya kamu wajibi ne. Amma abin da ake yi shi ne samari su bi shi da sanduna da duwatsu har su farfasa masa kai, alhali ƙwaƙwalwar ce ake kaiwa ɗakin gwaji a gane ko yana da cutar. In kuma karen gida ne da ya yi cizo ba tare da alama ba, ƙa'ida ita ce a tsare shi kwana 10 ana dubawa, wanda aka ciza kuma a wanke wurin da sabulu nan take a garzaya da shi asibiti.

Saura maganar kuka, wadda ita ce aka fi yi wa dariya. Bahaushe ba baƙon son dabba ba ne, kunyar nunawa kawai yake ji. Makiyayi ya san kowace saniya da sunanta da na uwarta. Mai doki kan tashi da dare ya duba barga kafin ya duba ɗakin 'ya'yansa. Tsohuwa kan yi hira da kyanwarta. Yarinyar da ta yi wata biyar tana ba rago dusa da kanwa, ranar layya ta ɓuya a ɗaki ta ƙi cin nama, sai a taru a yi mata tsiya. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yaron yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake kiran yaron da alkunyarsa yana tambayarsa labarin tsuntsun. Shugaban al'umma ne, da jama'a da yaƙi da baƙi a kansa, ya lura da fuskar yaro a kan tsuntsu, bai ce masa ya yi wauta ba. Malamai sun ciro fa'idoji masu yawa daga wannan ɗan gajeren hadisi. Ba a san an ciro halaccin yi wa mai irin wannan baƙin ciki ba'a ba.

Masarautar Ƙaraye, yadda dokar 2024 ta sake zana ta, ƙananan hukumomi biyu ne kacal, Ƙaraye da Rogo. Ƙasa ce da magana ɗaya daga fada za ta isa kowane dagaci da mai unguwa cikin mako guda, huɗubar Juma'a ɗaya kuma ta isar da babin Muhtasar ga waɗanda ba su kai shi a karatu ba. Abin da ake bukata bai wuce a san wanda za a kira ba idan dabbar da ba a ci ta kwanta: malamin dabbobi ya duba ya faɗi ko akwai sauran fata, in babu, Sarkin Fawa ya ba da mutumin da hannunsa ya faɗa, a yi abin a keɓe, ba a gaban yara ko sauran dabbobi ba. Inda likita ya samu zuwa da allura, yakan fara da ta kwantar da hankali, sannan ya bi da mai ƙarfi ta jijiya wadda ke kashe ji kafin numfashi da zuciya su tsaya. Gawar da aka yi wa irin wannan allura guba ce ga kare da ungulu da duk abin da ya ci ta, don haka dole a binne ta da zurfi, nesa da rijiya da fadama. A ƙasar Rogo, inda fadamun rake ke riƙe ruwa kusa da sama, wurin ramin sai an zaɓe shi a kan tudu.